Bankin Raya Ƙasa na Najeriya

Bankin Raya Ƙasa na Najeriya, wanda aka fi sani da DBN, hukumar kuɗi ce da ke bai wa bankuna rance mai dogon wa'adi domin su kuma su ranta wa ƙanana da matsakaitan 'yan kasuwa. Ba ya karɓar ajiya daga jama'a, kuma ba ya miƙa rance kai tsaye ga mai sana'a. Hedikwatarsa tana unguwar Maitama a Abuja.

An yi wa bankin rajista a shekarar 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke riƙe da ma'aikatar kuɗi. A watan Satumba na wannan shekarar Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin aikin. Bankin Raya Afirka, da bankin KfW na Jamus, da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, da Bankin Zuba Jari na Turai su ma sun sa hannu, har jimillar kuɗin da aka yi alkawari ta kai kimanin dala biliyan 1.3. Babban Bankin Najeriya ya ba shi lasisi a watan Maris na 2017, aka naɗa Tony Okpanachi manajan darakta na farko. Rancen farko, na naira biliyan 5, ya fita a ƙarshen shekarar zuwa bankunan ƙananan rance uku: LAPO da NPF da Fortis.

Ba wannan ne yunƙurin farko ba. An kafa bankin raya masana'antu na NIDB a 1964, da bankin NBCI a 1973, da asusun NERFUND a 1989, kafin a haɗe ukun su zama Bankin Masana'antu a 2001. A 2013 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya ware naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i. Ciwon da ya addabi yawancin tsofaffin hukumomin iri ɗaya ne: rabon rance bisa sanayya da siyasa, da masu karɓa da ke ɗaukar kuɗin gwamnati tamkar rabon gado, ga tarin bashin da ba ya dawowa. Da wannan tarihi a zuciya aka zana DBN.

Tsarin aikinsa ya yi kama da na babban ɗan sari a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, wanda ba ya yanka yadi ga mai ɗinkin riga ɗaya, sai dai ya ba masu shaguna dila su sayar. Bankin kasuwanci ko bankin ƙananan rance da ke son shiga tsarin sai ya cika sharuɗɗa kan ƙarfin jari da ingancin shugabanci da yawan bashin da ya maƙale masa. Idan ya samu shiga, shi ne ke zaɓen abokin hulɗa, ya tantance shi, ya yanka masa kuɗin ruwa, kuma shi ke ɗaukar asara idan aka kasa biya, domin DBN daga wurinsa zai nemi kuɗinsa. Wa'adin rancen yana iya kai wa shekara 10, tare da sararin jinkirta fara biya har na wata 18. Nan ne fa'idar tsarin take. Mafi yawan kuɗin da ke hannun bankunan Najeriya ajiya ce da mai ita zai iya cirewa gobe, saboda haka ba sa iya ranta ta ga mai son kafa injin casar shinkafa da sai bayan shekaru zai mayar da jarinsa.

A 2019 bankin ya kafa kamfanin Impact Credit Guarantee, wanda ke tsaya wa mai neman rance kan wani kaso na bashin, har zuwa kashi 60 cikin ɗari, domin rage wa bankuna fargabar rashin jingina. Salon raba rance ta hannun wasu bankuna tsoho ne a duniya: da shi KfW ke aiki a Jamus, haka ma SIDBI na Indiya da PKSF na Bangaladash, waɗanda aka kafa a 1990. Gana ta buɗe irin nata bankin a 2022.

Alƙaluman da bankin ya fitar sun nuna cewa zuwa ƙarshen 2024 jimillar rancen da ya bayar ta haura naira tiriliyan 1, ga masu sana'a fiye da 700,000. Rabon bai daidaita ba tsakanin shiyyoyi. Kuɗin yana bin inda bankuna suke da rassa da abokan hulɗa masu rajista da takardun lissafi, wato Legas da kewayenta. Binciken ƙungiyar EFInA na 2020 ya gano kashi 36 cikin ɗari na manyan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin hukumar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 68. Ga kuma batun riba, wanda ke hana 'yan kasuwa da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato kusantar rance mai ruwa komai sauƙinsa. Irin waɗannan sun fi dogara da adashi, da jarin dangi, da kayan da ubangida ke bayarwa bashi a kasuwa.

Binciken hukumar raya ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2017 ya ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5, masu samar da kusan rabin arzikin ƙasa. Idan aka auna da wannan, waɗanda DBN ya kai gare su zuwa ƙarshen 2024 ba su cika kashi 2 cikin ɗari ba. Faɗuwar naira ma ta rage masa ƙarfi: dala ɗaya da ke kusan naira 305 a farashin gwamnati a 2017 ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari. Bankin ya warware matsalar gajeren wa'adi ga bankunan da ke hulɗa da shi, amma tsadar rance da ƙarancin rassa a Arewa suna nan yadda ya same su.