Lasifikar da Ba Ta Yi wa Mawaƙi Kara

Lasifika iri biyu ce. Akwai ta gidan biki, wadda aikinta ta ƙara wa kiɗa kauri har ƙirji ya riƙa amsawa. Akwai kuma ta sutudiyo, wadda mai haɗa sauti ke girkewa a gabansa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ita wannan ba a ƙera ta don ta burge kunne ba. Abin da aka naɗa shi take fitarwa, da kyansa da muninsa. Kafin ta zama dole a harkar waƙar Hausa, sai da waƙar kanta ta sauya kama.

A zamanin da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, makaɗa ne ke daidaita sautinsu da kansu. Idan Mamman Shata zai yi waƙa, masu kalangu sun san inda za su sassauta hannu domin magana ta fito, 'yan amshi sun san inda za su shigo. Ɗan Maraya Jos kuwa daga shi sai kuntiginsa. Aikin ma'aikacin rediyo bai wuce ya ajiye makirufo a inda ya dace ba, ya naɗi abin da aka riga aka haɗa a gabansa. Haka abin ya tafi daga faifan garmaho har zuwa kaset.

Fim ne ya kawo sauyi. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, harkar ta bunƙasa, waƙa ta zama gishirinta. A tsakiyar shekarun 1990 sutudiyo irin su Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha, mutum guda ya riƙa fitar da amon ganga da sarewa da yatsunsa. Da Sangaya ya fito a 1999, shekarar da Shata ya rasu, sabon salon ya kafu. Daga baya kwamfuta ta shigo: a naɗi kiɗa daban, murya daban, amshi daban, sannan a haɗa. Hukuncin da a da yake hannun makaɗa ya koma hannun mutum ɗaya, shi kuwa ba shi da madogara sai lasifikar da ke gabansa.

Turawa sun riga mu cin karo da wannan matsala. A 1978 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da wata ƙaramar lasifika, NS-10, baƙa mai farin tsakiya, don amfanin gida. Masu saye ba su yi na'am da ita ba, domin sautinta da kaifi, kaurinsa kaɗan ne. Amma masu haɗa sauti a Amurka da Ingila suka gano amfaninta: tana fito da tsakiyar sauti, inda muryar ɗan Adam take, tana tona duk wani aibu. Waƙar da ta yi daɗi a kanta, da wuya ta ba da kunya a rediyo ko a mota. Wasu har siririyar takarda suke rufa mata don rage kaifin. Abin da kasuwa ta raina ya zama ma'auni, har aka daina ƙera ta a 2001.

A shekarar ce kuma wayar salula ta bazu a Najeriya, sannu a hankali ta gaje rediyo da rikoda. Yau mai sayar da rake a kasuwar Makarfi, ko manomi a Kudan da Ikara, a waya yake sauraron waƙa, kuma lasifikar waya ba ta iya ɗaukar kaurin kiɗa. Wanda ya haɗa waƙa da lasifikar biki zai ji komai ya cika masa ɗaki, ya ɗauka aiki ya yi. Sai waƙar ta isa wayar mai sauraro, kaurin ya ɓace, murya kuma ta nutse cikin ƙarar fiyano.

Ga Bahaushe wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin waƙarmu magana ce: kirari, habaici, zambo, nasiha. Baitin da ba a ji ba, tamkar ba a rera shi ba ne. Masu kalangun Shata sun kiyaye wannan haƙƙi da hannuwansu. Mai sutudiyon yau ya gaji amanar, kuma ba zai sauke ta ba sai da lasifikar da za ta faɗa masa gaskiya tun waƙar ba ta bar ɗakinsa ba.