Allin da Aka Ƙera wa Yara, Picasso Ya Nema

A 1916 wani mai zane ɗan ƙasar Japan, Kanae Yamamoto, ya kamo hanyar gida bayan shekara huɗu a Turai. Yaƙin duniya na farko yana tsaka da ci, sai ya biyo ta Rasha, ya yada zango a Mosko. A can ya shiga wani baje kolin zanen ƙananan yara, abin da ya gani kuwa ya tsaya masa a rai. Yara ne suka zana abin da idonsu ya gane musu, da launin da ransu ya so, babu wanda ya riƙe musu hannu.

A ƙasarsu ba haka ake yi ba. Darasin zane a makarantun Japan na lokacin kwafi ne tsantsa. Akwai littafin gwamnati, Shintei Gacho, wanda ya fito a 1910, yaro ya buɗe shi ya ɗora a gabansa, ya bi zanen da ke ciki layi bayan layi, malam kuma ya ba da maki gwargwadon yadda kwafin ya yi kama da na littafi. Yamamoto ya ce wannan kashe idon yaro ne. Ya ce a fitar da yara waje, su kalli dutse da gona da fuskokin iyayensu, su zana da kansu. A 1919 ya shirya baje kolin zanen yara a wata makarantar firamare ta Kangawa, a lardin Nagano, a 1921 kuma ya fitar da littafi a kan wannan ra'ayi nasa na zanen 'yanci, wanda Japanawa ke kira jiyuga. Malaman makaranta da dama suka yi na'am da shi.

To amma da me yaron zai zana? Nan gizo ke saƙar. Fentin ruwa yana buƙatar buroshi da kofi da haƙuri, yaro ɗan shekara bakwai a bakin gona kuwa ba shi da ko ɗaya. Kirayon na kaki, irin wanda kamfanin Binney da Smith ya fara sayarwa a Amurka da sunan Crayola tun 1903, yana da tauri, launinsa bai cika ƙarfi ba, in ka ɗora wani kan wani sai ya zame, ba sa haɗuwa. Busasshen fastel, wanda Rosalba Carriera ta yi suna da shi a Banis a ƙarni na 18, Edgar Degas kuma ya zana 'yan rawarsa da shi a Paris, launinsa ba a magana, sai dai gari ne da aka dunƙule. Ka hura shi ya tashi, ka taɓa shi ya bi hannunka, sai an fesa masa maganin kamawa kafin ya zauna.

Wani malamin makaranta, Rinzo Satake, tare da surukinsa Sasaki, suna cikin waɗanda maganar Yamamoto ta shiga. A 1921 suka kafa kamfanin da aka sani yau da Sakura, suka fara da kirayon. Bai gamsar da su ba. Daga 1924 suka shiga gwaje-gwaje, suna neman abin da zai riƙe a takarda irin riƙon kirayon, ya kuma yi laushi da hasken launi irin na fastel. Abin da ya warware musu matsalar shi ne mai. Suka kwaɓa garin launi da kakin farafin da wani sinadarin kitse, suka zuba man kwakwa. A 1925 sabon allin ya shiga kasuwa da sunan Cray-Pas, shi ne fastel mai maiƙo na farko a duniya.

Akwai wani ɗan labari a nan da nake jin duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zai fahimce shi nan take. Man kwakwa yana daskarewa in an yi sanyi, yana narkewa in an yi zafi. Saboda haka a shekarun farko iri biyu kamfanin yake yi: na hunturu, mai yawan mai don kada ya ƙame a hannun yaro, da na bazara, mai ƙarancin mai don kada ya narke a cikin kwali. Sai can wajen ƙarshen shekarun 1920 suka samo haɗin da zai jure duka biyun. Ko a hakan makarantun gwamnati ba su yi rububinsa ba. Ya fi fensir mai launi tsada, hukumomi kuma ba su saki jiki da wannan batu na barin yaro ya bayyana abin da ke ransa ba. Duk da haka ya samu kasuwa, har kamfanin Talens na Holan ya fitar da nasa, Panda, a 1930.

Shekara ashirin da wani abu ana kallonsa a matsayin kayan yara. Akwai dalili: don a sauƙaƙa kuɗi, garin launin da ake zubawa ba mai daraja ba ne, rana na dukansa sai ya koɗe. Mai zanen da ke son aikinsa ya kai wa jikoki ba zai aminta da shi ba.

Labarin ya sake salo a Paris bayan yaƙin duniya na biyu. A lamba 3, Quai Voltaire, bakin kogin Seine, daura da gidan tarihi na Louvre, akwai kantin kayan zane na gidan Sennelier. Gustave Sennelier ne ya buɗe shi a 1887, kantin yana nan har gobe. Wajen 1947 wani mai zane, Henri Goetz, haifaffen New York mazaunin Faransa, ya je wurin ɗan Gustave, Henri Sennelier, da saƙon abokinsa Pablo Picasso. Abin da Picasso ke so shi ne launin da zai riƙe a hannu ya goga a kan komai, katako ne, kwali ne, ƙarfe ne ko yumɓu, ba tare da an shafa wa wurin komai tukuna ba, kuma kada ya tsage, kada ya koɗe.

Wanda ya san Picasso ba zai yi mamakin wannan buƙata ba. Tun 1912 yake sa fentin gini na Ripolin a cikin zanensa, yana liƙa guntayen jarida a jikin hoto. A daidai lokacin da ya aika saƙon ma yana aiki ne a wurin maginan tukwane na Vallauris, a kudancin Faransa, yana zane a kan faranti da tulu, yana ɗan shekara sittin da wani abu. Mutum ne da hannunsa ke riga shiri gudu. Fentin mai na gargajiya kuwa shiri ne da kansa: a ɗaure zane a katako, a shafe shi da farin share fage, a jira ya bushe, a dama launi, a yi shafi ɗaya, a sake jira kwanaki kafin a ɗora na biyu. A 1949 Sennelier ya fitar da fastel mai maiƙo na ƙwararru, da garin launi mai inganci irin wanda ake sa wa fentin mai, kala 48, da yawansu nau'o'in ruwan toka ne, yadda Picasso ya nema.

A ganina wannan shi ne abin lura a duk tarihin. Malaman Japan sun nemi abin da zai cire shinge tsakanin idon yaro da takarda. Mai zanen da ya fi kowa suna a ƙarninsa, bayan ya ƙware a kowace dabara, shi ma shingen nan yake son a cire masa. Buƙata ɗaya ce, daga mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba.

Shi ya sa duk wanda ya ɗauki allin nan yake samun kansa cikin gwaji ko bai yi niyya ba. Ka goga rawaya da ƙarfi har ta cika ramukan takarda, ka ɗora ja, ka rufe da baƙi ko shuɗi mai duhu. Sannan ka ɗauki tsinke ko bakin wuƙa ka ja layi. Baƙin zai nannaɗe ya tashi a bakin tsinken, rawayar da ka binne ta fito tana haske, kamar yadda mai sassaƙar ƙwarya ke kankare bayan da aka rina ya fito da farin da ke ƙasa. In ka sa yatsa ka murza inda ja ya haɗu da rawaya, ɗumin fatarka kaɗai ya isa ya sassauta kakin, ruwan goro ya fito a tsakani ba tare da ka dama komai ba. Ka tsoma buroshi a man tafentain ka bi ta kai, sai layin ya narke ya malala ya koma fenti. Ka zana da farin alli a farar takarda, ba ka ganin komai, ka kwarara fentin ruwa a kai, ruwan ya guje wa maiƙon, zanen ya bayyana. Takarda mai kaushi tana cin shafi da yawa, mai santsi kuwa shafi biyu ko uku ta ƙoshi, duk abin da ka ƙara sai ya riƙa zamewa. Babu wanda ke koyon wannan daga littafi, sai hannu ya ɓaci.

Mutane kan rikita fastel mai maiƙo da sandar fentin mai, irin wadda Jean-Michel Basquiat ya yi ta rubutu da ita a kan hotunansa a New York cikin shekarun 1980. Ba ɗaya ba ne. Ita sandar fenti ce ta sosai, da mai irin wanda ke bushewa, har ɓawo take yi a baki sai an ɓare kafin a yi aiki. Fastel mai maiƙo kuwa man da ke cikinsa ba ya bushewa. A shekarun 1980 ɗin ne kuma kamfanin Holbein na Japan ya fitar da nasa na ƙwararru mai kala 225, aka dawo da abin ƙasar da ya fito, wannan karon don manya.

Rashin bushewar nan shi ne daɗinsa, shi ne kuma wahalarsa. Kana iya komawa kan hoton bara ka kankare wani wuri ka gyara. Amma hoton da aka gama shekara talatin da suka wuce ma farce na iya yi masa tabo. Ƙura tana manne masa, wanda duk mai zanen da ke aiki cikin hazon hunturu a ƙasar Hausa ya kamata ya sa a lissafi. Man yakan tsotsa cikin takarda marar kauri ya bar da'irar maiƙo a gefen launi. Wani lokaci kakin da sinadarin kitsen sukan taso saman hoton su yi farin hazo-hazo, launin ya dushe. Don haka masu adana hotuna ba sa jera irin wannan aiki ɗaya kan ɗaya sai da takarda mai santsi a tsakani, ba sa ajiye shi inda rana ko zafi zai same shi, in za a rataye shi kuma sai a bayan gilashi, tare da kwali mai kauri a gefe da zai hana gilashin taɓa fuskar launin.