Tony Allen, makaɗin da ke zaune a bayan Fela

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

In aka ce Mamman Shata, ko yaron da aka haifa bayan rasuwarsa a 1999 ya san wa ake nufi. To amma ku je majalisa, a nan Gazara ko Kudan ko Ikara, ku ce a kawo muku sunan mutum biyu cikin masu kalangun da ke bayansa. Za ku ji an yi tsit. Alhali in ka cire kalangun nan, rabin Shata ya tafi. Haka sana'ar take ko'ina: mai murya ke gaba, mai ganga na baya. A ƙasashen Turai har akwai makaɗin haya, wanda ake kira sitidiyo ya buga wa mawaƙi ganga, a biya shi na ranar, ya kama gabansa. Yau tarihin wani ɗan Najeriya za mu duba, wanda ya ɗanɗana zaman bayan nan, ya yi aikin hayar, kuma bai yarda sunansa ya ɓace ba.

An haifi Tony Oladipo Allen a Legas a 1940. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Gana. Bai gaji kiɗa ba, ba kamar a wajenmu da ɗan makaɗi ke tashi da ganga a hammata ba. Aikin gyaran na'urori yake yi a gidan rediyo, sai da ya kai shekara 18 ya fara taɓa ganga, kuma shi ya koya wa kansa. Malamansa faifai ne: Art Blakey da Max Roach, manyan makaɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, da Guy Warren na Gana. Wajen Victor Olaiya ya fara aiki, 'yan sanduna biyu kawai yake ƙwanƙwasawa a ƙungiyar Cool Cats, sai da kujerar mai ganga ta zama babu kowa aka ba shi.

Kar wani ya ce jaz baƙon abu ne da bai taɓa taka ƙasarmu ba. Yusef Lateef, shahararren mai busa na jaz daga Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, har ya yi nazarin sarewar Fulani. Nan kusa da mu fa.

Mu koma kan Tony. A 1964 Fela Kuti, wanda bai daɗe da dawowa daga karatun kiɗa a Landan ba, ya gwada shi ya ɗauke shi. Suka yi ƙungiyar Koola Lobitos, suka tafi Amurka a 1969, suka dawo da sabon kiɗan da aka sa wa suna Afrobeat, ƙungiyar kuma ta koma Africa 70.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don a gane abin da mutumin nan ya ƙirƙira. Gangar Bature ba ganga ɗaya ba ce, jeri ne. Akwai babba a ƙasa da ake takawa da ƙafar dama, akwai ƙanana da ake bugawa da hannu, sannan akwai wasu faranta biyu na ƙarfe, ɗaya kife kan ɗaya, da ake buɗewa a rufe da ƙafar hagu. Makaɗan Legas na lokacin ba su damu da farantan nan ba. Tony ya karanta bayanin Max Roach a kansu cikin mujallar DownBeat, ya zauna ya yi ta fama har ƙafar hagunsa ta samu nata aikin. Sai ya zama gaɓoɓinsa huɗu kowace da kiɗan da take yi, kuma ba sa karo. Ku tuna mai kalangu: hannu ɗaya na bugu, hammata na matse igiya tana sauya murya. Aiki biyu kenan a lokaci guda, kuma mun san ba kowa ke iyawa ba. To shi huɗu yake haɗawa, ya riƙe su minti goma sha biyar ko ashirin, don waƙoƙin Fela ba gajeru ba ne. Kuma ba ya dukan ganga kamar mai jin haushinta. A hankali yake taɓa ta, ka ga kamar ba ya komai.

Fela shi ke tsara wa kowane makaɗi abin da zai buga, ban da Tony. Shi kaɗai ke tsara nasa. Fela da bakinsa ya ce in ba don Tony Allen ba, da babu Afrobeat. Sun yi faifai sama da 30 tare, ciki har da Zombie, wanda ya tsokano sojoji, har suka ƙone gidan Fela na Kalakuta a watan Fabrairun 1977.

To amma yabo ba ya shiga tukunya. A bayan faifai, Fela ne mai waƙa, Fela ne mai kiɗa, kuɗin mallaka nasa ne. Tony albashi yake karɓa. Don adalci, Fela ya ba shi dama ya fitar da faifai uku da sunansa tare da ƙungiyar: Jealousy a 1975, Progress a 1977, sai No Accommodation for Lagos a 1979. Sai dai maganar kuɗi ba ta mutu ba. Gidan ya cika da 'yan rakiya masu ci ba sa kiɗa, su kuma masu kiɗan na bin bashin haƙƙinsu. Bayan wasan da suka yi a bikin jaz na Balin a 1978, ana ta raɗe-raɗin Fela zai zuba kuɗin a takararsa ta shugaban ƙasa, ƙungiyar ta watse. Tony ya tafi.

Ni a ganina nan ne darasin tarihin ya fi ɗaci. Fela ya sha duka da ɗauri a kan haƙƙin talaka, wannan ba mai ƙwace masa. Amma mutumin da ya fi kowa kusa da shi a dandali, kan haƙƙi ya bar shi. Mu masu fafutuka ya kamata abin ya tsaya mana a rai, don da yawa cikin ƙungiyoyinmu haka suke: shugaba na gaban kyamara, yaran da suka kwana suna aiki ko kuɗin mota babu.

Ya kafa tasa ƙungiyar a Legas, a 1984 ya wuce Landan, daga nan ya zauna Faris. Ya fitar da faifan N.E.P.A., yana zolayar hukumar wutar lantarki, kun ga matsalar ta girmi yawancinmu. Shekarun nan ne ya zama cikakken makaɗin haya. Ya buga wa King Sunny Ade, da Manu Dibango na Kamaru, da Ray Lema na Kwango, daga baya har mawaƙan Faransa irin su Charlotte Gainsbourg.

Gambarar zamani kuwa, wato hip-hop, ita ta biyo shi. Masu haɗa kiɗanta sukan yanko guntun tsohon faifai su ɗora waƙa a kai. A 1999 Mos Def na Amurka ya gina waƙarsa Fear Not of Man a kan wani kiɗan Africa 70 na 1977. Tony bai tsaya a riƙa yanko shi daga nesa ba, ya shiga cikinsu. A faifansa HomeCooking na 2002 akwai Ty, mai gambara ɗan asalin Najeriya da ke Landan, da Damon Albarn, wanda daga baya suka kafa ƙungiyar The Good, the Bad & the Queen tare. A 2017, yana da shekara 77, ya koma tushe: ya yi faifan girmama Art Blakey, ya kuma fitar da The Source a kamfanin Blue Note, kamfanin da ya buga faifan Blakey ɗin da ya koyi kiɗa da su yana saurayi. Wannan karon sunansa ne a gaban kwali.

Abin da ya sa na ɗauko labarin nan, ku leƙa sitidiyoyin Zariya da Kaduna da Kano. Yaro zai kwana gaban kwamfuta da fiyano yana haɗa kiɗa, a ba shi na shan ruwa, waƙa ta fita ta zagaye TikTok, a yi ta rawa da ita a biki, sunansa ko a ƙasan bidiyo babu. In mawaƙi ya yi kirki ne zai ambace shi a ƙarshen waƙa. Yarjejeniya a rubuce kuwa, yawanci ba a ma kawo zancenta, wai kunya. Tony ya yi shekara goma sha huɗu yana wannan zaman kafin ya miƙe, kuma shi ne wanda Brian Eno ya ce wataƙila duniya ba ta taɓa yin mai ganga kamarsa ba.

Ya rasu a Faris ranar 30 ga Afrilun 2020, yana da shekara 79, lokacin kullen korona, wata guda da 'yan kwanaki bayan fitowar Rejoice, faifan da suka yi da Hugh Masekela. Ya bar kiɗe-kiɗen da ya ɗauka don matasa masu gambara su ɗora murya. Ranar da ya cika shekara ɗaya da rasuwa aka fitar da su a faifan There Is No End, da muryoyin Skepta da Danny Brown da Sampa the Great, yaran da ya yi jika da wasunsu.

Wanda ke da tsoho a gida da ya san masu kalangun Shata, ko makaɗan noma na yankinmu, ya tambayo mana sunayensu ya ajiye a ƙasa. Da su za mu buɗe shiri na gaba, in Allah ya kai mu.