Mai da Jini: Tarihin Tukunyar Mutanen Kabara



Unguwar Kabara, wadda ke maƙwabtaka da gidan Sarkin Kano, ta samo sunanta ne daga Malam Umaru Kabara, wanda ya zo daga wajen Tambutu. An fi saninta da ilmi da ɗarikar Kadiriyya, amma yau tukunyarta za mu leƙa, domin abin da ya sami abincin mutanenta shi ne ya sami na birnin duka.

A zamanin da, mai abu ne mai tsada. Man shanu daga Fulani ake samunsa, man kaɗe kuwa fatake ke kawowa Kasuwar Kurmi. Talaka yakan ɗiga ɗan kaɗan a kan tuwo, naman da ke da kitse kuma sai ranar salla ko suna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai noman gyaɗa ya bunƙasa, manja kuma ya riƙa zuwa daga Kudu. Sannu a hankali suya ta zama abin kullum.

Mai iri biyu ne. Akwai mai daskarewa, irin wanda ya yi yawa a kitse da man shanu, akwai kuma mai ruwa-ruwa. Kusan kashi biyu cikin uku na man shanu mai daskarewa ne, na manja kamar rabi, na man gyaɗa kuwa kamar ɗaya cikin biyar.

To, ina ruwan jini da wannan? Hanta tana ƙera waɗansu furotin da ke tsai da jini idan an ji rauni. Ɗaya shi ne fibirinojin, wanda ke rikiɗa ya zama zare ya saƙa gudan jini. Wani kuma Fakta ta Bakwai, wadda ke ta da aikin. Idan gudan ya ƙullu cikin jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, sai maganin ya zama cuta.

A 1972 Dokta Tom Meade ya fara bincike a asibitin Northwick Park da ke Landan. Sakamakon da ya buga a 1986 ya nuna cewa mazan da waɗannan furotin biyu suka yi yawa a jininsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa Fakta ta Bakwai takan ƙara kuzari sa'o'i kaɗan bayan an ci abinci mai maiƙo, kuma yawan man ya fi irinsa tasiri a nan. Mai daskarewa yana da nasa laifin dabam, watau ƙara kolestarol da ke ƙuntata jijiya. Fibirinojin kuwa taba da ƙiba sun fi ɗaga shi.

Saboda haka sauya man shanu da man gyaɗa gyara ne, amma bai wadatar ba muddin ludayin bai ragu ba. Kakannin mutanen Kabara rashi ne ya auna musu mai, ga tafiyar ƙasa kullum. Ma'aikacin yau da ke wuni a kujera, shi zai auna wa kansa.