Garken Wa? Yadda Kiwon Barewar Ƙanƙara Ya Shiga Alaska

Lokacin da Amurka ta sayi Alaska daga Rasha a 1867, babu makiyayi ko ɗaya a yankin. Mutanen Inupiat da Yupik mafarauta ne da masunta. Suna harbin barewar ƙanƙara ta daji, amma ba su taɓa kiwata ba. A tsallaken mashigin ruwan Berin kuwa, mutanen Cukci na Saiberiya sun daɗe da mallakar garkunan irin wannan dabba, suna cin namanta, suna sa fatarta, tana ja musu kaya a kan ƙanƙara.

Wanda ya tsallako da kiwon shi ne Sheldon Jackson, ɗan mishan kuma jami'in ilimi na gwamnati a Alaska. Hujjarsa ita ce jiragen farautar Turawa sun ƙarar da manyan dabbobin teku, yunwa na shirin cinye mutanen gaɓa, ko da yake wasu masana tarihi na ganin ya zuzuta lamarin. Da Majalisar Dokoki ta hana shi kuɗi, sai ya nemi gudummawa ta jaridu. A 1891 kyaftin Michael Healy ya ɗauko dabbobi 16 a jirginsa don gwaji. A 1892 aka sauke 171 a Port Clarence, aka kafa tashar kiwo ta Teller. Zuwa 1902, shekarar da Rasha ta hana fitar da su, an shigo da 1,280.

Kawo dabba ya fi kawo sana'a sauƙi. Makiyayan Cukci da aka fara ɗaukowa ba su jitu da 'yan ƙasa ba, don haka daga 1894 aka koma ɗauko mutanen Sami daga Nowe. A nan matsalar mallaka ta kunno kai. Majami'u da makiyayan Sami sukan samu aron garke, su riƙe 'ya'yan da aka haifa. Ɗan ƙasa kuwa sai ya yi shekaru yana almajirci kafin ya tara 'yan kawuna. Kaɗan ne suka yi zarra, kamar Mary Antisarlook, wadda ta riƙe garken mijinta bayan rasuwarsa, ta yi arziki da sayar wa masu haƙar zinariya nama a Nome.

Daga 1914 iyalin Lomen, 'yan kasuwa fararen fata, suka shiga sayen garkuna, suka gina mayanka, suna aika nama biranen Amurka. Adadin dabbobin ya kai kusan 600,000 a farkon shekarun 1930, rikici kan makiyaya da rabon dabbobi ya tsananta. A idon 'yan ƙasa da yawa, abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokar 1937 ta keɓe mallakar barewar ga 'yan asalin Alaska, gwamnati ta saye garkunan sauran, har da na Sami waɗanda suka koyar da sana'ar. Sai dai gyaran ya zo a makare. Dabbobin sun cinye gansakukar da suke rayuwa a kanta lokacin hunturu, wadda kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo. Kasuwa ta faɗi, an daina bin garke dare da rana, kyarketai suka yi ɓarna, dabbobi da dama suka bi 'yan uwansu na daji. Zuwa 1950 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Har yau ana kiwon a tsibirin Nunivak da yankin Seward, a hannun 'yan ƙasa. An yi shekara 45 tsakanin saukar garken farko da dokar da ta fayyace mai shi, kuma a cikin waɗannan shekarun ne makiyayar ta lalace.