Matsalar ɓacewar kayan haɗi a wasannin tuƙa jirgin ƙasa na kwamfuta

Fiye da shekaru 20 ke nan masu sha'awar jiragen ƙasa a sassa daban-daban na duniya suna gina layukan dogo na kwaikwayo a cikin kwamfuta, suna kuma raba su kyauta ta intanet.

Sai dai sau da yawa wanda ya sauke irin wannan aiki yakan tarar da shi bai cika ba. Ga tasha babu gini, ga kogi babu gada, ga kuma saƙo daga kwamfuta cewa akwai kayan da aka nema ba a samu ba.

Wannan na daga cikin tsofaffin matsalolin wannan fanni, kuma takan yi sanadin asarar aikin da wani ya shafe shekaru yana yi.

Waɗanne wasanni ne waɗannan?

Wasanni ne da ke kwaikwayon aikin direban jirgin ƙasa, tun daga tayar da inji da taka birki, har zuwa kiyaye sigina da isa tasha a kan lokaci.

A shekarar 2001 ne biyu daga cikin mafiya shahara suka fito. Na farko shi ne Microsoft Train Simulator, wanda kamfanin Kuju na Birtaniya ya ƙera wa Microsoft. Na biyu kuma Trainz, na kamfanin Auran da ke birnin Brisbane a Ostireliya, wanda daga baya kamfanin N3V Games ya karɓi ragamarsa.

A 2007 Kuju ya fitar da Rail Simulator, wanda ya zama RailWorks a 2009, daga bisani kuma Train Simulator. Tun 2022 kamfanin Dovetail Games na Ingila ke sayar da shi da sunan Train Simulator Classic.

Dukkansu sun zo da kayan aikin da ke ba mai wasa damar shimfiɗa nasa layin dogon, ko ƙera nasa kan jirgi da taragu. Wannan dama ce ta tsawaita rayuwar wasannin, kuma ita ce tushen matsalar.

Mene ne kayan haɗi?

Layin dogon da mutum ya gina a wasan ba cikakken abu ne guda ɗaya ba. Ya fi kama da taswirar gini wadda aka rubuta mata jerin kayan da za a nemo.

Fayil ɗin yana faɗa wa kwamfuta ne kawai cewa a sa bishiya kaza a wuri kaza, a kafa sigina iri kaza a bakin tasha. Ita bishiyar da siginar suna cikin wasu fayiloli dabam, waɗanda galibi wasu mutane dabam ne suka ƙera su.

Su ma waɗannan kaya suna da nasu abin dogaro. A Trainz, alal misali, kan jirgi guda yakan dogara da fayil na ƙafafunsa, da na ɗakin direba, da na ƙarar inji, da na oda, da kuma na bayanin ƙarfin injin.

Ta haka ne babban layi guda kan buƙaci ɗaruruwan kaya, wani lokaci ma dubbai. Idan ɗaya ya ɓace, duk abin da ya dogara da shi sai ya samu naƙasu.

An tsara abin haka ne da gangan. Yana rage girman fayilolin da za a sauke, wanda babban al'amari ne a zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho. Yana kuma ba kowa damar ƙwarewa a abu guda, wannan a gine-gine, wancan a taragu.

Yaya wasan ke gane kayansa?

Kowane wasa da tasa hanyar.

Trainz yana ba kowane kaya lambar shaida da ake kira KUID. Kashin farko na lambar yana nuna wanda ya ƙera kayan, na biyu yana nuna kayan kansa. A sabon tsarin lambar an ƙara kashi na uku, mai nuna ko sau nawa aka sabunta shi, kuma wasan kan ɗauki mafi sabunta da ya samu.

Ana rubuta lambobin duk abin da kaya ke buƙata a cikin fayil ɗin bayaninsa. Manhajar Content Manager tana karanta wannan jeri, ta nemo abin da babu daga Download Station, wato babban rumbun kamfanin a intanet. Idan kayan ba ya rumbun, abin da mai wasa zai gani lamba ce kawai, ba suna, ba bayani.

Train Simulator Classic kuma yana bin adireshi ne. Yana neman kaya a jakar mai ƙera shi, sannan a jakar samfurin. Idan babu, a wurin gyaran layi akan ga siffar kwalbar madara tsaye a inda ya kamata kayan ya kasance, alamar da masu wasan suka sani sarai.

Microsoft Train Simulator ya fi su tsauri. Rashin fayil guda na iya hana layi buɗewa baki ɗaya. Wasan ya zo da layuka shida na Amurka da Ingila da Ostiriya da Japan, kuma masu gini da dama sukan ari kaya daga cikinsu, don haka wanda ya goge ɗaya yana iya lalata wasu layukan da ya ƙara.

Akwai kuma fayil mai suna tsection.dat, wanda ke ɗauke da bayanin siffofin dogo. Wanda nasa ya tsufa ba zai iya buɗe layin da aka gina da sababbin siffofi ba.

Me ke sa kayan ɓacewa?

Dalili na farko shi ne warwatsuwa. Ba kowane mai ƙira ne ke sa aikinsa a babban rumbu ba. Wasu sun fi son ajiyewa a shafinsu, kuma shafi kan mutu idan mai shi ya gaji, ko ya daina biyan kuɗi, ko ya rasu.

Manyan ma'ajiyoyi ma sukan rufe. Kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, hukumomin Amurka kuma suka rufe Megaupload a watan Janairun 2012. A duka lokutan biyu, fayiloli masu yawan gaske na mutane iri-iri sun salwanta.

Dalili na biyu kuɗi ne. Mai gini na iya amfani da kan jirgin da ya saya, amma ba shi da ikon haɗa shi cikin abin da yake rabawa kyauta. Dole mai saukewa ya sayi nasa. Wani lokaci ma akan daina sayar da kayan, musamman idan yarjejeniyar amfani da suna da tambarin kamfanin jirgin ƙasa ta ƙare.

Na uku shi ne sauyin zamani. Kayan da suka zo a cikin tsohon fitowar wasa ba lalle ne su zo a sabuwa ba. Haka kuma sababbin fitowar Trainz sun fi tsananta bincike, ta yadda kayan da suka yi aiki lafiya a da ake ɗaukarsu masu kuskure.

Na huɗu sakaci ne. Mai gini kan manta cewa wani abu da ke cikin kwamfutarsa ba ya ko'ina, tunda a wurinsa komai na aiki daidai.

Me zai hana a haɗa komai wuri guda?

Haƙƙin mallaka ne ke hanawa. Ko da an ba da kaya kyauta, mallakarsa na hannun wanda ya ƙera shi, kuma da yawa daga cikinsu sukan rubuta sharaɗin cewa kada a sake rabawa ba da izininsu ba.

Hujjarsu ita ce idan kwafi ya bazu, tsofaffi masu kuskure za su ci gaba da yawo da sunansu, wasu ma su sayar da abin da aka yi don kyauta.

Masu sukar wannan ra'ayi kuwa na ganin sharaɗin kan koma cikas idan mai kayan ya ɓace, domin babu wanda za a nemi izini a wurinsa, ga kuma ayyukan wasu da suka dogara da nasa.

Dandalin Steam Workshop ya rage wa Train Simulator matsalar, tunda yana nuna kayan sayarwar da kowane aiki ke buƙata. Amma wannan bai shafi ɗimbin kayan da ake rabawa a wajen Steam ba.

Yaya ake magance ta?

Matakin farko shi ne karanta takardar bayanin da ke zuwa tare da aikin, domin masu gini na ƙwarai sukan jera abin da ake buƙata da inda za a same shi.

Na biyu shi ne tantance muhimmancin abin da ya ɓace. Rashin bishiya ko motar da ke gefen titi ba ya hana tuƙi. Rashin dogo ko sigina ko kan jirgin da za a tuƙa kuwa yana tsayar da komai.

A Trainz, kashin farko na lambar KUID kan taimaka a gano mai kayan, daga nan a nemi shafinsa. Idan shafin ya mutu, akan gwada Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, kodayake sau da yawa takan adana rubutun shafi ba tare da fayilolin ba.

Idan duk wannan bai yi ba, akan musanya kayan da wani mai kama da shi, ko a goge ambatonsa daga layin. Ya kamata a ajiye kwafin asali kafin a yi haka, saboda idan aka goge ba a san gurbin kowane kaya kuma, ko da an same shi daga baya.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata a kiyaye. Shafukan da ke alkawarin ba da kayan sayarwa kyauta suna keta doka, kuma sanannun hanyoyi ne na yaɗa manhajoji masu cutar da kwamfuta.

Me ya sa abin ke da muhimmanci?

Wasu daga cikin layukan nan kwaikwayo ne na hanyoyin dogo da aka daɗe da rufewa, waɗanda aka sake ginawa daga tsofaffin taswirori da hotuna. Samun damar bin irin wannan hanya, ko da a allon kwamfuta ne, yana da daraja ga masu nazarin tarihin sufuri.

Kamfanoni kuma ba sa dawwama a kan wasa guda. A 2009 Microsoft ya rufe sashen da ke aikin sabon Train Simulator ɗinsa. Masu aikin sa kai ne suka rubuta manhajar Open Rails, wadda ke iya buɗe tsofaffin layukan a kwamfutocin zamani.

Amma Open Rails ma ba za ta iya nuna fayil ɗin da babu shi ba. Shi ya sa shawarar da aka fi bai wa masu gini ita ce su taƙaita ga kayan da ke babban rumbu, su gwada aikinsu a kwamfutar da ba a ƙara wa komai ba, sannan su bayyana a rubuce ko sun yarda a ci gaba da raba kayansu bayan sun daina.