Cutar Niyukasil a Kajin Gida

A Gwiwa da kewaye, da zarar hunturu ya kama, mukan ga kaza ta takure, fukafukai a sake, tana koren zawo, tana numfashi da baki a buɗe. In wuyanta ya murɗe, galibi cutar Niyukasil ce. Ba ta da magani, kafso da barkonon da muke zuba musu a ruwa ba sa kashe ƙwayar cutar. Mu ware marar lafiyar nan take, da ruwanta da tsakinta. Wadda ta mutu, a binne da zurfi.

Rigakafi ne kariyar sauran. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin na ɗigawa a ido, ana maimaitawa duk wata 4. Kazar da muka sayo a kasuwa don Kirsimeti, a killace ta mako 2 kafin ta shiga akurki.